Tambaya da Amsa: Na Yi Afdet, Saun Kad Ya Yi Shiru

Assalamu alaikum jama'a. Wasiƙun da sunka shigo wanga karon kusan duk kuka ɗaya ne, an yi wa kwamfuta ko waya afdet sai kayan ɗaukar murya sunka yi gum, don haka na tattara su wuri ɗaya. Amsar ta farkon ta ɗauke rabin ta sauran, to kowa ya daure ya karanta ta ko da ba tashi ba ce.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ina gajiya, ya zahi. Ni ina da 'yar situdiyo nan Mabera, muna ɗaukar waƙoƙin biki da na yabo da tallar rediyo, wani lokaci makarantun Islamiyya su kawo ɗalibai in za su yi walimar sauka. Laftof ɗina tun da nis saye ta Windows 10 ag gare ta, saun kad ɗin kuma na hannu na, ya daɗe ƙwarai amma bai taɓa ba ni matsala ba. To sai yara sunka dame ni wai Windows 10 ta mutu, in ban koma 11 ba za a kwashe min komi, nid danna afdet da dare, da sahe nit tarar komi ya canza. Yanzu in na jona saun kad wuta na kamawa, hal 'yar jar fitilar 48V na kamawa, amma FL Studio, manhajar da nike ɗaukar murya da ita, ba ta ganinai ko kaɗan, sunan ma ya ɓace ga jerin. Na kai wa mai gyara, ko jona shi bai yi ba yac ce ya ƙone in sayi sabo, ga shi na amshi kuɗin mutane na aikin biki. Yau kwana shida ke nan. Don Allah ƙaƙa za ni yi? Daga mai situdiyo, Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zafi kam sai haƙuri, Allah ya kai mu damina lafiya. Kafin komi, kar ka sayi sabon saun kad, wato akwatin ɗaukar muryar da kake jonawa ga laftof, tukuna, kuma kar ka yarda kowa ya yi wa laftof ɗin nan fomatin, wato goge komi a sake sa Windows, ko da kyauta ne. Na riga na tura maka wanga saƙon ta waya ranar da wasiƙarka ta iso don kar lokaci ya ƙure maka, nan zan faɗaɗa ne saboda sauran masu karatu.

Ni ban yarda akwatinka ya ƙone ba. Da dare ya yi aiki, da safe ya ƙi, kuma tsakanin daren da safiyar ba tsawa anka yi ba, ba wuta anka kawo mai ƙarfi ba, Windows ce kawai ta canza. Fitilar da kake gani tana nuna wutar bolt 5 da ke fitowa daga ramin USB tana isa ciki, iyakarta ke nan, ba ta ce lafiyarshi lau ba amma ba ta ce ya mutu ba. Mai gyaran da ya yanke hukunci ko jonawa bai yi ba ya yi gaggawa, in ma ba wani yake da shi a ƙarƙashin tebur da yake son sayar maka ba. Gwajin ba shi da wuya, ka ɗauki akwatin ka je wurin abokin sana'a wanda har yanzu yake kan Windows 10, a sa mishi direbanshi a jona, in ya yi magana can to ka san inda matsalar take.

Abin da ke faruwa shi ne akwatin nan da Windows ba yare ɗaya suke ji ba, akwai wata 'yar manhaja tsakaninsu wadda kamfanin da ya ƙera akwatin ya rubuta, ita ce direba, kuma aikinta aikin tafinta ne a kotu. An canza alƙali, sabon ya ce bai yarda da wanga tafintan ba sai ya ga takardarshi, mai ƙara na nan tsaye lafiya ƙalau amma ba mai isar da maganarshi. Wani lokacin ma lokacin afdet ɗin ne Windows ke ajiye tsohon direba gefe ta sa nata ko ta bar wurin fayau.

Tunda kuɗin mutane na hannunka kuma biki ba ya jira, hanya mafi kusa ita ce komawa baya. Wanda ya hau Windows 11 ta afdet, ba ta fomatin ba, Windows na ajiye mishi tsohuwar cikin wani folda mai suna Windows.old, kuma tana ba shi kwana 10 ya canza ra'ayi. Ka shiga Settings, sai System, sai Recovery, za ka ga Go back. Kafin ka danna ka kwashe ayyukan mutane zuwa fulash ko had-dis na waje, ka jona caji, kuma a ce inbata ko janareto na kunne, don batirin tsohuwar laftof ba abin dogaro ba ne kuma mutuwar kwamfuta ana tsakiyar wanga aikin ta fi matsalar da kake ciki yanzu muni. In kwana 10 sunka cika maɓallin dushewa yake yi, folda ɗin ma Windows na share shi da kanta. Shi ya sa na hana fomatin, kuma kar wani yaro ya ce bari ya share maka tarkace a sami wuri, nan da yawa suke goge Windows.old ba su san mi sunka goge ba.

Wanda kwanakinshi sunka wuce, ko yake son zama kan 11 ɗin, to ya danna dama kan tambarin Start ya buɗe Device Manager, akwatin na jone. Ya duba ƙarƙashin Sound, video and game controllers, ya kuma duba Other devices. In ya ga suna da 'yar alamar rawaya mai kusurwa uku, wannan labari ne mai daɗi, Windows ta ga akwatin ke nan, magana ce ba ta iya yi da shi. Ya buɗe shi zai ga lamba. Lamba 28 tana nufin ba a sa direba ba sam. Lamba 10 tana nufin an yi ƙoƙarin tayar da shi ya ƙi tashi. Lamba 52 ita ce ta takardar tafinta, Windows ba ta gamsu da sa hannun da ke kan direban ba, don tun 2016 Microsoft ta tsaurara cewa sabbin direbobi sai sun biyo ta hannunta an sa musu hannu. Lamba 39 kuma direban na nan amma an ƙi loda shi, kuma a Windows 11 sau da yawa mai hana shi wani tsaro ne da ake kira Memory integrity, yana cikin Windows Security, ƙarƙashin Device security, sai Core isolation. Sabbin kwamfutoci da waɗanda anka yi wa sabon instolin galibi a kunne yake zuwa. In ka kashe shi ka yi ristatin, tsofaffin saun kad da yawa suna farfaɗowa nan take. Amma fa tsaro ne ka rage, ba wasa ba, ni ina yarda da haka ga kwamfutar da ba ta shiga intanet, ban yarda da shi ga wadda kake shiga banki da ita ba.

Sai maganar direban kanshi. Windows 11 da Windows 10 'yan ɗaki ɗaya ne ta wanga fannin, direbobi da yawa na 10 suna aiki kan 11 in anka sake sa su da kyau, kuma da kyau ɗin nan shi ne mutane ke tsallakewa. Ka cire akwatin daga USB, ka cire tsohon direban gaba ɗaya, ka yi ristatin, ka sauke na ƙarshe daga shafin kamfanin da ya ƙera akwatin, ka sa shi, ka sake ristatin, sannan ka jona. Faifan da ya zo cikin kwali tun zamanin Windows 7 ka bar shi inda yake, musamman in na 32-bit ne, Windows 11 ba ta da 32-bit sam. Waɗannan manhajojin kuma da masu gyara ke yawo da su a fulash wai suna nemo direban komi da komi da dannawa ɗaya, wallahi ka nisance su, su suka fi kowa ɗora wa saun kad direban da ba nashi ba, ga tarkacen talla da suke cusawa.

Ka ce sunan ya ɓace daga jerin FL Studio. Jerin nan na ASIO ne, wata hanya da kamfanin Steinberg na Jamus, masu manhajar haɗa kiɗa ta Cubase, sunka fito da ita a 1997 don murya ta wuce kai tsaye daga akwati zuwa manhaja ba tare da jinkiri ba. Sunan akwatinka na fitowa can ne in direbanshi na ASIO na zaune daidai. Na san abin da yaran za su ce maka, sa ASIO4ALL, wata 'yar manhajar ASIO ta gama-gari. To ka ji da kyau, ASIO4ALL ba ya maye gurbin direban akwati, hawa yake yi kan wanda Windows ta riga ta yarda da shi, saboda haka in alamar rawaya na nan ko sau nawa ka sa shi ba abin da zai gani. Amfaninshi na zuwa ne a wani yanayi daban. Akwai wata ƙa'ida ta bai ɗaya da kamfanoni sunka yi ittifaƙi a kanta ta muryar USB, ta farko ta fito 1998, ta biyu 2006, kuma tun 2017 Windows 10 ke zuwa da direban ta biyun a cikinta. Akwatin da ya bi wagga ƙa'idar, wanda a kwalinshi ake rubuta class compliant, ko ka cire direban kamfaninshi Windows za ta ɗauke shi da nata, to a nan ne za ka ɗora ASIO4ALL ko FL Studio ASIO ka ci gaba da aiki. Za ka ɗan ji jinkiri a hedifon, mawaƙi ya faɗi kalma sai daga baya ya ji ta, wanda ke rikita su ƙwarai, maganinshi ka danna maɓallin direct monitor da ke jikin akwatin ya riƙa jin kanshi kai tsaye.

Yanzu maganar wai Windows 10 ta mutu. Abin da ya faru ranar 14 ga Oktoba 2025 shi ne Microsoft ta daina turo mata gyaran tsaro na yau da kullum, ba wai ta daina kunnuwa ba, ba kuma wanda zai kwashe maka komi don kawai kana kanta. A lokacin ma sun buɗe wa ɗaiɗaikun mutane wani tsarin ƙarin wa'adi har zuwa 13 ga Oktoba 2026. Haɗarin na intanet ne, yaran sun yi gaskiya ta nan. To ni ra'ayina, kwamfutar da ke ciyar da gida ba ita ce ta kallon YouTube da sauke manhajojin sata ba, ka koma 10, ka cire ta daga intanet, tura aiki ga mutane ka yi da waya, ita ta zama injin ɗaukar murya kawai. Manyan situdiyo na duniya ma ba sa rige-rigen hawa sabuwar manhaja, jira suke yi sai kamfanonin kayansu sun ce sun gwada. Wanda kuma dole sai ya bar tashi kan intanet, akwai Pause updates cikin Windows Update, tana ɗaga maka ƙafa har mako 5, ka riƙa danna ta in kana tsakiyar aikin mutane, irin lokacin bukukuwan bayan Sallah ko kakar siyasa da aiki ke yawa.

In ya tabbata kamfanin ya yi watsi da akwatin, ba direban da ya wuce na Windows 7 ko 8, to nan sai ka zaɓa, ko dai ka riƙe tsohuwar Windows dominshi, ko ka sayar wa mai tsohuwar kwamfuta ka cika ka sayi wani. Ranar sayen ka tafi da laftof ɗinka shagon a gwada a gabanka. Ka kuma tafi da 'yar kebul ɗin OTG mai haɗa kayan USB da waya, ka jona akwatin ga wayarka, in waya ta gan shi ba tare da an sa komi ba to mai bin ƙa'idar bai ɗaya ne, irinshi ne afdet ba ya saurin kashewa. In bai kama a waya ba kar ka yanke hukunci, wani wutar waya ce ba ta isarshi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina haɗa shirin mata a gida ina kai wa gidan rediyo, MacBook nike amfani da ita. Tun da ta yi afdet ina ganin sunan saun kad ɗina, ina zaɓarshi, amma in na yi magana layin ba ya motsi, shiru kamar ba makirfo. Sannan 'yar manhajar da nike ƙara murya da ragewa da ita an ja mata wani zobe da layi a tsakiya, ba ta buɗuwa. Kuma maigidana yana da wani babban akwati tsoho mai kebul ɗin FireWire, yana tambaya ko shi ma ya yi afdet ɗin. Daga wata 'yar'uwa, Arkilla.

AMSA: Barka kadai Hajiya, Allah ya taimaka. Matsalarki biyu ce daban-daban, ta farkon minti biyu ya ishe ta. Tun macOS Mojave ta 2018 Apple ta sa doka cewa ba manhajar da za ta ji makirfo sai kin ba ta izini da hannunki, kuma saun kad na waje ma cikin dokar yake. In ba izini manhajar na ganin sunan akwati amma shiru ake ba ta, daidai abin da kika kwatanta. Ki shiga System Settings, sai Privacy & Security, sai Microphone, ki nemo manhajar da kike ɗauka da ita ki kunna mata, ki rufe ta gaba ɗaya ki sake buɗewa. Masu Windows ma su ji, su ma tun afdet ɗin Afrilun 2018 suke da irin wagga ƙofar, a Windows 11 tana ƙarƙashin Privacy & security, kuma akwai layi na can ƙasa na desktop apps da mutane ba sa gangarawa su gani. In MacBook ɗinki mai injin M1 na Apple ce ko sama, tun Ventura ta 2022 tana tambaya kafin ta yarda da sabon abin da anka jona ta USB, in kin taɓa danna a'a cikin sauri ki cire ki sake jonawa ki amsa mata.

Zoben nan mai layi kuma yana nufin Mac ɗin ta ce ba ta iya tafiyar da manhajar sam. In daga tsohuwar macOS kika yi dogon tsalle, to mafi kusa shi ne manhajar 32-bit ce, kuma Catalina ta 2019 ta rufe ƙofar 32-bit gaba ɗaya, ba wata dabara. Ki duba shafin kamfanin ko sun fitar da sabuwa. In ba su fitar ba ba kuka ba ne, Mac ta daɗe tana ɗaukar akwatuna masu bin ƙa'idar bai ɗaya da kanta, ki riƙa juya murya da maɓallan jikin akwatin, sauran saitin kuma akwai Audio MIDI Setup cikin Utilities. In sabon direban ya buƙaci izini za ki ga maɓallin Allow a shafin Privacy & Security, ba ya daɗewa, kusan rabin awa ne bayan instolin ya ɓace, sai an sake. Wasu tsofaffin direbobin kan M1 sai an kashe kwamfutar an riƙe maɓallin kunnawa an shiga an sassauta tsaro zuwa Reduced Security, wannan kam ki nemi wanda ya taɓa yi ya zauna kusa da ke.

Maigida kuwa ki ce mishi in ji ni ya tsaya inda yake. FireWire tsohuwar hanya ce da Apple ta daɗe da daina sa raminta, mutane na lallaɓawa da adafta kan adafta, to macOS Tahoe ta 2025 ta cire goyon bayanta, akwatin da ya dogara da ita ba zai tashi can ba. Kuma Mac ba ta da maɓallin komawa baya irin na Windows, wanda bai yi ajiya da Time Machine, manhajar ajiyar kwafi ta Mac, kafin afdet ba sai dai ya goge komi ya sake sa tsohuwar daga farko. Ya shiga Software Update ya kashe sabuntawar kai tsaye yau ɗin nan, kar ya kwanta da dare ta yi mishi aikin da bai sa ta ba.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ni nike ɗaukar karatun Malam a masallacin unguwarmu, daga mikisa nike jawo kebul na USB zuwa kwamfuta, manhajar Audacity nike ɗauka da ita. Bayan afdet tana ɗauka, amma muryar Malam ta koma siririya da sauri-sauri kamar ta yaro, ga wani ƙas-ƙas da ke shiga, kuma in mai jan baƙi ya ja madda sai ƙarshenta ya yanke. Dattawa sun fara cewa na ɓata karatu. Daga ƙaninka, Runjin Sambo.

AMSA: Lafiya lau ƙanena, Allah ya ba da lada. Ka kwantar da hankalinka, karatun da ka riga ka ɗauka ma ana iya gyara saurinshi. Kwamfuta na ɗaukar murya ne gutsi-gutsi, ko dai sau 44,100 cikin daƙiƙa ɗaya ko sau 48,000, waɗannan biyun sunka fi yawa. In mikisa ta ba da 44,100 amma anka rubuta wa fayil ɗin 48,000, to za a karanto shi da sauri fiye da yadda anka ɗauka, murya ta sirance, karatun awa ɗaya ya koma kusan minti 55. In akasin haka ne sai ta yi kauri ta yi nauyi. Afdet kan mayar da wanga saitin inda ya ga dama. Ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta mmsys.cpl, ka shiga Recording, ka buɗe mikisarka, sai Advanced, ka ga lambar da ke nan, ka tabbata ita ce cikin Audacity kuma ita ce mikisar ke bayarwa, duka ukun su zama ɗaya. Ni 48,000 nake zaɓa in kayan sun yarda, don in za a haɗa da bidiyo daga baya ita ce ake amfani da ita. Tsofaffin fayilolin kuma ka buɗe su, a jikin layin muryar akwai 'yar kibiya mai saukar da jeri, ka nemo Rate ka mayar da shi 44,100, za ka ji muryar Malam ta dawo yadda ka san ta.

Yankewar madda kuma aikin manhajojin gyaran murya ne na cikin Windows. An yi su ne don kiran bidiyo, su ji sauti ya daɗe bai canza ba sai su ɗauka ƙarar fanka ce ko janareto su danne shi, madda mai tsawo kuwa haka take a kunnensu. A shafin nan dai na mikisar ka kashe duk abin da anka rubuta enhancements, ga karatun Alƙur'ani ba ka son kwamfuta ta yi maka gwaninta ko kaɗan. Abin da ya riga ya yanke a tsohon ɗauka kam ba ya dawowa.

Ƙas-ƙas ɗin ka fara da sauƙaƙan abubuwa. Ka jona mikisar kai tsaye ga jikin kwamfuta ba ta hob ɗin nan mai ramuka huɗu ba, ka canza rami, ka shiga Power Options ka kashe USB selective suspend wanda ke sa ramin USB gyangyaɗi don tattalin batir, kuma ka bar ta kan caji lokacin karatu. In ka ga sai an yi nisa da karatu yake farawa, musamman watan Afrilu da zafinmu ke haura digiri 40, to kwamfutar ce ke rage gudu don ta yi zafi, a buɗe ta a hure ƙurar hunturu da ta toshe fankarta, kuma ka daina ɗora ta kan darduma, ka samo ɗan benci iska ta riƙa shiga ta ƙasa.

TAMBAYA: Oga ina yin laif a TikTok da saun kad V8, wayata ta yi afdet yanzu mutane na cewa ba su jin eko da kiɗan, muryata kawai suke ji daga nesa. Daga Gawon Nama.

AMSA: Muryar da suke ji daga nesa makirfon jikin wayar ne ke ɗauka, wato wayar ba ta san ka jona komi ba. In ta OTG kake jonawa ka shiga saitin ka nemo OTG ka kunna, wasu wayoyin na kashe shi da kansu in ya yi minti 10 ba a amfani da shi, kuma ka jona kafin ka buɗe TikTok ba bayan ka shiga laif ba. In ta ramin iyafis ne ka duba kan kebul ɗin, mai zobe uku baƙaƙe shi ke kai murya cikin waya, mai zobe biyu na sauraro ne kawai, kuma ka tabbata ramin Live na jikin V8 ɗin ka sa shi. In wayarka ba ta da ramin iyafis kana amfani da ɗan adaftan USB-C, ka ari wani ka gwada, masu arhar nan ba kowace waya ke ɗaukarsu ba. Waya ba ta komawa tsohuwar manhaja cikin sauƙi, kar ka bari a yi mata filashin, wato a goge manhajarta a sake sawa, saboda wannan, ka gwada saun kad ɗin da wayar abokinka tukuna ka turo min abin da ka gani.